Afiniki da Ƙodar Sada

A Kafanchan idan ka ce kana neman Afiniki, sai an tambaye ka wacce, domin tsakanin tashar jirgi da kasuwa kaɗai sun fi goma. Amma ka ce Mama Bokiti, kowane ɗan acaɓa zai kai ka ƙofar gidanta ba tare da ya tsaya tambaya ba. Sunan ya fito ne daga wani farin bokiti mai murfi da take ɗorawa a cinya duk ranar Talata a motar Jos. Direbobi sun san ba a sa shi a but ɗin mota tare da kaya. Fasinjoji ma sun daina tambayar abin da ke ciki, tun ranar da wani malamin makaranta mai shisshigi ya matsa mata lamba, ta gaya masa gaskiya tsakani da Allah, ya ce a sauke shi a Kagoro alhali Jos za shi.

Gaskiyar kuwa ita ce, naman mutane ne a ciki. Afiniki tana aiki a wani ƙaramin asibiti a bayan gari. Duk abin da Dakta Nelson, likitan tiyatarsu, ya yanko daga jikin mutum, ƙari ne a nono ko a mahaifa ko a wuya, ita ke karɓa. Sai ta tsoma shi a fomalin, ruwan maganin nan mai hawa ido da ke hana nama ruɓewa, ta rubuta sunan mai shi a jikin roba da manyan baƙaƙe. Ranar Talata ta kai wa masu bincike a Jos, su duba su rubuto ko abin na tsoro ne ko ba na tsoro ba. Karatunta bai wuce aji shida na firamare ba. Amma mahaifinta mahauci ne a kasuwar aladu ta Katsit, tun tana 'yar shekara bakwai take wanke kayan ciki, don haka jini bai taɓa sa ta kau da kai ba. Da shara da goge-goge ta fara a asibitin, har Dakta Nelson ya lura ita kaɗai ce ba ta taɓa haɗa kayan wani da na wani ba.

Abokan aikinta suna cewa ta cika tsanani a kan bokitin nan, kuma ba su yi ƙarya ba. Sai dai kaɗan ne a cikinsu suka san dalili.

Shekara goma sha huɗu ke nan, mijinta Gregory, kafinta kuma manomin citta, ya fara fitsarin jini. Aka yi masa aiki a wani asibiti, aka cire ƙodarsa ta hagu. A wannan yanki namu akwai wata al'ada: in an gama tiyata sai a fito da abin da aka cire a faranti a nuna wa dangi, don kada wani ya koma gida yana cewa tsaga mutum kawai aka yi aka ɗinke. Aka nuna wa Afiniki. An riga an raba ƙodar biyu, ta ga wani dunƙule a samanta, rawaya kamar man shanu, da jini nan da can. Kawunnan Gregory suka ce ba a barin sashen jikin mutum a hannun baƙi. Ita da kanta ta naɗe ƙodar a sabon zane, ta haƙa rami a gindin ɗorawar gonarsu, ta binne, har da addu'a. Ta koma gida da farin ciki, tana ganin ta yi wa mijinta gata.

Bayan shekara ɗaya da rabi tari ya kama shi, tari mai jini. Aka ce tarin fuka ne. Aka ɗora shi a kan maganin wata shida, aka ware masa ɗaki, aka ware masa kwano da wani kofin silba mai lotsattsen hannu. 'Yarsu Keziya tana da shekara huɗu a lokacin, yarinyar da ba ta barci sai a ƙirjin ubanta, aka hana ta shiga. Takan tsaya a bakin ƙofa tana yi masa waƙoƙin coci, shi kuma yana kaɗa mata hannu daga kan gado. Maganin bai tsinana komai ba. A wata na bakwai ya rasu, bai sake taɓa 'yarsa ba. Afiniki ta ƙona katifar, amma kofin ta kasa jefarwa, ta kuma kasa barin kowa ya sha da shi, sai ta ɗora shi can saman bango kusa da rufi. Da ta fara aiki a asibiti ta gane ashe akwai inda ake kai irin wannan nama a duba shi, sai abin ya tsaya mata a rai. Ta san ta binne abin da ya kamata a bincika, amma ba ta san me za a ce da an bincika ba.

Ƙoda ba kasafai ake cire ta a ƙaramin asibiti irin nasu ba. Shekara tara tana ɗaukar bokiti ba ta taɓa ɗaukar ko ɗaya ba, sai da aka kawo Sada. Bafulatani ne mai kimanin shekara arba'in da biyar, rugarsu tana bayan Fadan Kagoma, suna kiwo suna kuma noma masara. Ciwon kwiɓi ya kawo shi, hoto ya nuna ƙari a ƙodar dama, aka sa masa ranar tiyata Litinin da safe. Ranar kuwa fomalin ɗin asibitin ya ƙare, Afiniki ta fita nema, shagon farko babu, na biyu mai shi ya tafi biki, sai a na uku ta samu. Da ta dawo rana ta take, an gama tiyata, ta tarar da farantin a wanke, an kife shi.

"Ina ƙodar?" ta tambayi sabuwar nas ɗin da ke bakin ɗakin tiyata.

"Mama, ai 'yan'uwan shi sun ɗauka. Na nuna musu, sai babban ya ce nasu ne, za su binne. Sori, ban san ana ajiyewa ba."

Afiniki ba ta yi faɗa ba, wanda hakan ya fi faɗan tsoratar da yarinyar. Ta leƙa ta ƙofa, Dakta Nelson yana kan wani aikin, hannunsa duk jini. Ta gaya masa. Ya ɗaga kai ya dubi agogon bango.

"Awa biyu ke nan. In ya kwana a ƙasa babu abin da za a gani. Ba tare da rizal ɗin binciken Jos ba, ban san ko na gama da mutumin nan ko yanzu na fara ba. Za ki iya?"

Kafin ya rufe baki ta riga ta juye fomalin a bokiti. Ta tare ɗan acaɓa, ta ɗaure bokitin a ƙirji da ɗankwali, suka kama hanyar Kagoma. Damina ce, gonakin citta sun yi kore shar a dama da hagu, hanya kuwa ta yi laushi, sau biyu tana sauka ta tsallake taɓo da ƙafa. Inda babur ya ƙare ta shiga 'yar siririyar hanya tana tambayar rugar su Sada, ruwan maganin yana kaɗawa a ƙirjinta yana sa ta hawaye.

Ta same su a gindin wata bishiyar kaɗanya. An riga an haƙa ramin, ƙarami, mai kyau, an gyara gefensa. Ƙodar tana naɗe a farin ƙyalle a kan sabuwar tabarma. Abin da ya cece ta shi ne azahar ta yi, mazan suka ce su fara yin salla. Ta tsaya daga nesa har suka sallame, sannan ta cire takalmi ta durƙusa ta gaida wata tsohuwa da ke zaune a kan kujera 'yar tsugunno, mahaifiyar Sada, wadda kowa ke kira Nene. Ta kuma gaida Mahfuz, wan Sada, dogo mai furfura a gemu, shi ne wanda ya ɗauko ƙodar daga asibiti. Ta faɗi ko ita wace ce da abin da ya kawo ta.

Mahfuz ya saurare ta har ƙarshe, domin mutum ne mai kunya, sannan ya girgiza kai.

"Baiwar Allah, kin sha wahala, sannu. Amma an cire ciwo, mun gani da idonmu. Abin da ya fita daga jikin ɗan Adam ba a yawo da shi a mota. Ƙasa ce mai shi."

"Gaskiya ne, Baffa. Amma in tambaye ka. In saniya ya faɗi a garke, kana rufe shi haka, ko kana buɗe ciki?"

"Muna buɗewa. A duba hanta, a duba huhu, a san abin da za a tsare wa sauran."

"To shi ne. Ƙari na ƙoda ba iri ɗaya ba ne, haka dokta ya ce. Wani in an cire shi ke nan, ya ƙare. Wani kuma ya riga ya aika 'ya'yan shi wani wuri a jiki, sai an bi shi. Ido ba ya rabe su. Sai mutanen Jos."

"Sada ba saniya ba ne," in ji Mahfuz, a hankali, ya miƙa hannu wajen ƙyallen.

Nan dabara ta ƙare wa Afiniki. Abin da ya rage mata shi ne labarin da ba ta taɓa ba wa ko matan zumuntar cocinsu cikakke ba. Ta juya wajen tsohuwar ta ba da shi: farantin, sabon zanen, gindin ɗorawa, tarin, da yarinya a bakin ƙofa. Ta ce ita ma don girmama mijinta ta yi, kuma ba wanda ya yi mata dole. Ta ce har yau ba ta san abin da ya kashe shi ba, kuma wannan rashin sanin ya fi mutuwar cin ranta. Ta ƙarasa da labarin kofin.

Nene ta dubi ƙyallen da ke kan tabarma. Can ta yi wa Mahfuz wata gajeriyar magana da Fulatanci, ya janye hannunsa. Sannan ta dubi Afiniki.

"Za ki dawo da shi?"

"Za su yanki kaɗan su duba, Nene. Sauran ni da hannuna zan kawo. Kada ku rufe ramin."

Sai dai ba a tsoma ƙoda guda a magani, ruwan ba zai shiga cikinta ba, ta waje za ta daskare ta ciki ta ruɓe. Dakta Nelson ya koya wa Afiniki yadda ake tsaga babban nama a tsaye ba tare da an raba shi ba. Ta sa safar hannu, ta roƙi wuƙa, Mahfuz ya zaro tasa ya wanke ya miƙa mata da hannu biyu. Ta kwance ƙyallen, ta ja wuƙar sau ɗaya, ta buɗe.

Su ukun suka zuba ido. A ƙasan ƙodar akwai wani dunƙule kamar girman lemo, zagayayye, gefensa a tsare sai ka ce da gangan aka shata. Launinsa ruwan ƙasa ne mai duhu, mai sheƙi, irin na katakon maɗaci da aka goge. A tsakiyarsa kuma ga wani farin tabo mai rassa, sun miƙa ta ko'ina kamar tauraro. Afiniki ta wanke ƙodar dabba ba adadi, Mahfuz ya yanka shanu tun yana saurayi, amma ba wanda ya taɓa ganin haka a cikinsu. Abin bai yi kama da cuta ba. Ya yi kama da aikin wani gwani da ya zauna ya tsara shi a inda ba mai gani.

"Subhanallahi," in ji Mahfuz, ƙasa-ƙasa.

Nene ta sunkuyo ta daɗe tana kallo. "Wannan a cikin ɗana ya zauna, ni ban sani ba?"

Afiniki dai abu ɗaya ta lura da shi, ba ta faɗa wa kowa ba: wannan ba rawaya ba ne. Ta tsoma ƙodar a bokiti ta rufe.

Washegari Talata ta kai ta Jos. Shekara tara iyakarta tagar karɓar kaya, ta miƙa, ta sa hannu, ta juya. Amma a wannan karon dole ta yi bayanin awannin da naman ya yi ba magani, sai mai karɓa ya kira likitar da ke duba irin waɗannan abubuwa, Dakta Patricia, wata gajeriyar mata mai tabarau a rataye a wuya. Ta ji labarin kaɗanya da rami, ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta buɗe bokitin ta daina dariya.

"Mama, kin yi aiki. Bai lalace ba. Amma kada ki yi murna tukuna. Akwai ƙari biyu masu kama da juna kamar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Ɗaya ba ya cutarwa, ɗayan kansa ne, wato ciwon daji, ko da yake mai tafiyar hawainiya. Duka biyun suna iya yin wannan tauraron. Ki ba ni sati uku. In kin zo ki shigo ciki, zan nuna miki abin da kike ɗauka duk shekarun nan."

Sati ukun nan sun yi wa mutane da yawa tsawo. Sada ya farfaɗo, ya fara takawa a barandar asibiti yana dafa bango, kullum in ya ga Afiniki sai ya bi ta da ido bai tambaya ba. Mahfuz shi ne mai tambaya. Duk ranar kasuwa sai ya biyo, ya gaishe ta, ya sanar da ita cewa ya rufe ramin da reshen ƙaya don kada awaki su faɗa, kuma ruwan sama ya cika shi sau biyu ya kwashe. Ba ya ƙara komai a kan haka, ita ma ta gane saƙon.

Ranar Talata ta uku Dakta Patricia ta shigar da ita wani ɗaki mai sanyi, ta zaunar da ita a gaban madubin likita mai ƙara girman ƙananan abubuwa, irin mai ido biyu. Ta nuna mata yadda suke yi: a yanki nama ɗan ƙarami, a daskarar da shi a cikin kakin kyandir, a fere shi siriri fiye da ɓawon albasa, a shimfiɗa a gilashi, a rina shi da ruwan hoda da shuɗi. Gilashin Sada da ta ɗaga, ba komai a kansa sai wani ɗan tabo kamar an goga jan baki.

Afiniki ta sa ido. Da farko haske kawai ta gani da inuwar gashin idonta. Likitar ta murɗa wani abu, sai duniya ta buɗe. Tsibirai ne ruwan hoda, birjik, kowane tsibiri cike da ƙananan ɗakuna, kowane ɗaki da ƙwayar ido ɗaya a tsakiya, zagayayya, shuɗiya, duk girmansu ɗaya, suna zaune lafiya ba mai hawa kan wani. Cikin ɗakunan kuma wasu ɗigo-ɗigo ne kamar garin gero. Ta ɗago kai ta dubi ɗan tabon da ke kan gilashin, ta sake komawa. Ta yi haka har sau uku. Ita da take zaton ta san nama ciki da waje, ashe bakin ƙofarsa kawai take tsaye.

"Yesu," ta ce. "Duk wannan a cikin ɗan abin nan?"

"Wannan ma gefe ɗaya ne. Kin ga ɗigon nan? Murhun ɗakin ne, inda yake ƙona abinci ya samu ƙarfi. Wannan ƙarin ya tara murhu fiye da kima, shi ya sa ya yi ruwan ƙasa. Sunansa onkositoma. Yana girma a inda yake, amma ba ya tafiya ko'ina." Ta zare gilashin ta sa wani. "Ga ɗan'uwan nasa da na ji tsoro. Dubi bangon ɗakunan, kauri gare su. Dubi idon, ya yamutse, ga kuma farin zobe kewaye da shi. Mun sa wani rini na musamman da wannan yake sha gaba ɗaya. Na mutuminki bai sha ba sai ɗaiɗai. Ki gaya masa an gama. Ya riƙa shan ruwa, ya kula da ɗayar da ta rage, ya zo dokta ya duba shi lokaci-lokaci."

Afiniki ta sauke numfashi, amma ba ta ɗaga ido daga madubin ba. Likitar ta ga haka, ita ma abin nata ya motsa, domin ba kullum take samun mai son gani ba. Ta jawo akwatin gilasan da take koyar da ɗalibai da su. Ta nuna mata wani mai rassa kamar yatsu, kowane yatsa da jijiyar jini a tsakiya, ta ce shi in an yanka ɗanye marmashewa yake yi. Ta nuna mata wani da ya haɗa kitse da tsoka da jijiyoyin jini masu kauri wuri ɗaya, ta ce ba kansa ba ne, amma in ya girma yana iya fashewa ya zubar da jini a ciki. Afiniki tana ta girgiza kai. Ko a ɓaci, ashe jikin mutum yana da tsari, kowane irin ɓaci da fuskarsa da halinsa.

Gilashi na ƙarshe daban yake. Ɗakunan farare ne fes, ba komai a ciki sai ƙwayar idon, kamar saƙar zuma da aka tatse, ga siraran jijiyoyi ja sun zagaye su.

"Wannan kuma wa ya kwashe kayan ɗakin?"

"Mu ne. Kitse da sukari ne suka cika su, ruwan wankinmu ya tafi da su. Shi ne ya fi yawa a manya, cikin goma kusan bakwai. Ba shi da kunya, yana shiga babbar jijiyar ƙoda ya bi jini, sai ki gan shi a huhu ko a ƙashi, wani lokaci bayan shekaru. Saboda kitsen nan, in an yanka shi ɗanye rawaya ne, kamar man shanu."

Afiniki ta janye daga madubin a hankali. Ta ɗora hannuwanta a cinya, a inda bokiti ke zama.

"Dokta, in ya je huhu, mutum yana tari da jini?"

"Yana iya yi."

Sai ta ba ta labarin Gregory a taƙaice. Dakta Patricia ta cire tabarau. Ta tambaya ko an gwada majinarsa an ga ƙwayar tarin fuka. Afiniki ta ce sau uku aka gwada ba a gani ba, hoton ƙirji ne aka ce ya nuna tabo.

"Ban ga nasa ba, Mama, don haka ba zan rantse ba. Amma duk abin da kika faɗa ya fi kama da wannan."

"Da na kawo, da ya rayu?"

"Wataƙila a'a. A lokacin maganinsa kaɗan ne ƙwarai. Sai dai da an san abin da za a sa wa ido."

Tambayar da ta fi wa Afiniki nauyi ita ce ta ƙarshe.

"Ana ɗauka? A numfashi, ko a kofi?"

"A'a. Wannan ba ya tsallakawa daga mutum zuwa mutum. Ko kaɗan."

A motar komawa ta jingina kai da gilashin taga. Direban da ya saba tsokanarta ya dubi fuskarta ta madubi ya kama bakinsa. Baƙin ciki ne ya cika ta, na wata bakwai ɗin nan da aka raba uba da 'ya a banza, kuma da hannunta a ciki. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani sauƙi da ba ta taɓa ji ba tun rasuwar, domin yau ta ga fuskar abin.

Ranar Laraba ta cika alkawari. Ta wanke ragowar ƙodar daga magani, ta naɗe a sabon farin ƙyalle, ta kai ruga. An sallami Sada, yana zaune a gindin kaɗanyar da sandarsa, ya rame amma idonsa ya dawo. Ta ba shi takardar, ta faɗa masa abin da ke ciki da Hausar da ita kanta ta fahimta: ƙarin nasa mai zama wuri ɗaya ne, an cire shi, bai bar kowa a baya ba. Sada ya juya takardar gaba da baya, ba ya karanta boko, sannan ya ninke ta ya sa a aljihun ƙirji ya dafe. Mahfuz ya ɗage reshen ƙayar. Ya sa ƙyallen a ramin, mai ƙodar da kansa ya fara tura ƙasa da tafin hannu, Nene tana kallo tana motsa baki. Da aka gama Mahfuz ya juyo wajen Afiniki, ya ce ramin ya yi daidai. Tsohuwar ta shiga bukka ta fito da kindirmo cike da wata roba mai murfi, ta danƙa mata, ta riƙe hannunta ta daɗe ba ta saki ba.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ta isa gida. Keziya, wadda yanzu ta kai shekara sha bakwai, tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Afiniki ta wuce ta, ta shiga ɗaki, ta jawo benci ta hau. Kofin yana nan inda ta bar shi, ya yi ƙura, gizo ya yi saƙa a hannunsa. Ta sauko da shi ta wanke da toka da sabulu har ya yi haske, ta cika shi da kindirmon Nene, ta kurɓa sau ɗaya, sannan ta miƙa wa 'yarta.

Keziya ta ajiye tiren. Tun tana ƙarama ta san abu ɗaya ne a gidan nan ba a taɓawa.

"Mama, kofin Baba ne fa."

"Na sani. Karɓi ki sha. Zauna in gaya miki abin da na gani a Jos."

Yarinyar ta karɓa da hannu biyu. Babban yatsanta ya sauka daidai inda hannun kofin ya lotsa, ta kai shi baki ta sha.